Alobera, Moɗa da Butar Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina zaune a ɗaki da falo a Nyanya, kusa da Abuja, aka yi wa mahaifiyata aikin ido, likita ya ce ta zauna kusa da asibiti wata uku, sai ta zauna a wurina. Matar da ta saba da lambu da awaki, sai ga ta daga kujera sai tabarma. Ni kuma tun asuba nake fita saboda cunkoson hanya. Na ce bari in kawo ɗan kore cikin gidan ko ta rage kewa.

Na tsaya wurin wani dattijon Gbagyi mai sayar da furanni a bakin titi. Shuka biyu suka kwanta mini: alobera, da wata mai dogayen ganye a miƙe kamar takobi, wadda ake kira moɗa.

Ya ce, "Madam, rana yana shiga gidanki?"

Na ce taga ɗaya ce.

"To alobera yana son rana. Wannan kuwa ko a lungu kin ajiye, ba ruwansa. Amma duka biyu, ruwa sau ɗaya a sati biyu. Kar ki ƙara."

Na fi rabin awa ina ɗauka ina ajiyewa, ina duba waya kamar mai zaɓen mota. Na ɗauki moɗa, ina jin na yi dabara.

Da na yi wa mahaifiyata bayani, sai ta ce, "Sati biyu? Abu mai rai?" Ashe kullum ina fita take juye wa moɗar ruwa buta guda. Kafin wata ganyen ya yi laushi, gindin ya ruɓe har yana wari. Ta ce ai ƙishin da ta sha a hannun mai sayarwa ne ya kashe ta.

Na sayo alobera, na ɗora a taga, na ɓoye butar. Ta koma amfani da kofin shayi. Ranar da na taɓa ganyen ya narke a hannuna, na ɗaga murya. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Girki kin hana, shara kin hana. To me zan yi a gidan nan?"

Na koma wurin dattijon ina huci. Ya ce, "Madam, kin duba taga, ba ki duba Mama ba." Ya ba ni irin alayyafo da tsohon bokiti, ya ce in ajiye a bakin ƙofa, ta zuba ruwa yadda take so.

Sau biyu muka yi miya da shi kafin ta tafi. Na koyi cewa kafin in tambayi abin da shuka take so, in fara duba hannun da zai riƙe ta. Amma har yau abin yana ci mini rai, domin duk wanda ya je gaishe ta sai ta ba shi labarin 'yarta da ta gama jami'a ba ta san shuka tana shan ruwa ba.