Dogo Abarshi, Direban da Ke Musu da Jirgin Taurari

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Ranar Laraba, 12 ga Agusta 1992, da hantsi, Allah ya karɓi ran Isufu Abarshi, wanda duk tashar Birnin Konni ta sani da Dogo, direban fijo mai jigila tsakanin Konni da Tawa. Ya rasu a bakin titi, kwance cikin amalanken shanu, yana jiran mota. Tun da aka gaya mini haka zuciyata take tafasa, kuma har yau ba ta huce ba.

Dogo, a shagon Jaje tela muka saba, shekarar da ya ɗaura eriya a kan doguwar gora har telebijinsa ta fara kamo tashar Sakkwato. Duk Lahadi bayan la'asar ana nuna wani shiri na Turawa, na wasu mutane da suka ɓata cikin taurari da jirginsu suna neman hanyar gida. Ni nake fassarawa, da ɗan Ingilishin da na tsinto wajen fatauci a Najeriya. Sauran jama'a faɗa suke zuwa kallo, da halittu masu kan ƙadangare. Kai kuwa tafiyar kake bi.

Ba zan manta ranar da ka fara tsayar da ni ba.

"Dakata, Rabilu. Wancan mako mi ka ce muna?"

Na ce shugaban jirgin ya faɗa sai sun yi watanni kafin su isa wata jar duniya da suka nufa.

"To ga su sun isa, shayin da ya aje bai ko huce ba. Wagga wace irin tahiya ta?"

Jaje, allura a baki, ya ce wataƙila yanke suka samu. Ka juya ka dube shi kamar ya zagi mahaifinka. Ka ce in akwai yanke, me ya hana su bi shi tun farko, suka zauna suna rabon abinci da ƙididdiga kamar masu fari? Daga ranar shagon ya rabu biyu. Mutanen Jaje suna nema wa shirin uzuri, naka suna kama shi da ƙarya. Akwai injiniyan jirgin da ya ƙone a hannun hagu, bayan 'yan makonni tabon ya koma dama. Akwai matar da aka binne a wata duniya mai ƙanƙara, sai ga ta tana tuƙi, babu wanda ya ce mata sannu da dawowa. Wannan ta fi ci maka rai. Ka yi ta faɗa har Jaje ya ce ko ka yi shiru ko ya kashe tele, ka ce ya kashe, ya kashe, muka zauna muna kallon juna har aka kira magariba.

Daga baya wani ɗan'uwana ya zo daga Sakkwato ya ce yana jin kaset-kaset ɗin ne ake sakawa ba bisa jeri ba, na gaba kafin na baya. Muka ɗauka za ka sauko. Ina! Sai ka ce to zancen matar ya warware, amma shayin fa? Ba kullum kake da gaskiya ba, Dogo, kuma ko sau ɗaya ban ji ka ce ka yi kuskure ba. Sau da yawa na tashi daga shagon nan kaina yana sarawa, ina rantsuwar ba zan sake fassara maka ba. Lahadi na yi sai in ga na riga ka zuwa.

Na daɗe kafin in gane abin da ke damunka. Kai mutum ne da ba ya wasa da nisa. A tasha kowane direba yana ce wa fasinja "yanzun nan za mu isa", kai kaɗai kake cewa hanya ta lalace bayan Badaguishiri, wanda ke sauri ya nemi wata mota. Ka yi asarar fasinja saboda wannan hali, ba ka canza ba. Ranar da maciji ya sari wani makiyayi kusa da Tsarnawa, ka roƙi mutanen motarka suka sauka ƙarƙashin itacen bedi, ka juya da shi likita, ka dawo ka kwashe su suna zaginka. Makiyayin nan ya zo jana'izarka da ƙafarsa. Matan ƙauyukan hanya da naƙuda ta yi wa gardama, Allah kaɗai ya san nawa ka ɗauka.

Shi ya sa abin yake ƙona ni. Ka tafi ƙauyenku bayan Tajaye don maimai, wato noma na biyu, motarka tana gareji an kwance injin. Ciwon ciki ya kayar da kai a gona ranar Talata. Yayanka Mahamman ya ɗora ka a amalanke, suka tarar ruwa ya cika kwari, shanu suka ƙi shiga, suka kwana a gaɓa. Da safe suka haye suka kai titi. Motoci suka yi ta wucewa, wasu a cike, wasu ba a cike ba. Mahamman ya ce har da waɗanda suka rage gudu, suka leƙa, suka ga marar lafiya, suka ƙara wuta. Saƙo bai iso mu Konni ba sai da wani mai babur ya kawo. Ni da Jaje muka sami mota muka kama hanya, muka tarar an lulluɓe ka da zanen matarka.

Na san wa'adi ba ya wuce lokacinsa, kuma ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Jayayyata da mutane ce. Direbobin da suka wuce ka, da yawansu ka taɓa tsaya musu da igiya ko da taya. Sun zo zaman makoki, sun ce ba su gane kai ne ba. To in ba kai ba ne fa? Wanda ke kwance a amalanke ba mutum ba ne? Na so in tambaye su a gaban jama'a, Jaje ya danne mini gwiwa.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Isufu, ka yafe masa zafin bakinsa, ka saka masa da kowane rai da ya kai likita. Ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce masaukinsa. Mu kuma ka ba mu haƙurin da muka rasa.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa Safara'u, da 'ya'yansa Barira da Illo, da Mahamman, da duk dangin Abarshi. Safara'u, da muka je gaisuwa kin ce gero ya fara ciki, ba ki san wa zai girbe ba. Mun yi magana a shago, ɓangaren Jaje da ɓangaren Dogo, kuma wannan karon babu wanda ya yi musu. Ki gyara rumbu. Da kaka muna tafe.