Rular Yaya Bello

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishinmu a Bagudo ya san rular nan ta katako. Yaya Bello kan zaro ta daga aljihu, ya manna a fuskar kwamfutarka, ya rufe ido ɗaya kamar kafinta. Tazara huɗu a farkon layi, ba uku ba, ba biyar ba. In ta kauce sai ka ji, "Hannu guda! A ga kamar mutum guda ya rubuta!"

Mu uku ne, ni da Sani da Yaya, muke kula da shafin intanet na ƙungiyar manoman shinkafar Kaoje. Can suke duba tsayin ruwan kogin Kwara, su san ranar kwashe amfani kafin ambaliya. Ni na koyi rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, a makaranta, komai sai in sa masa sunan Turanci. Sani, mutumin Illo, a ƙetaren iyaka ya koya, nasa duk Faransanci ne. Ran da Yaya ya fara buɗe aikinmu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga shafi na ko kasuwar Illo?"

Sani ya ce, "Haba Yaya, ai yana aiki!"

"Tsohon kwalekwalen da ke yoyo ma shina aiki. Ka sa ɗiyanka ciki?"

Sati biyu muka yi muna sake sunaye. Yaya ya rubuta dokokinsa da hannu, ya lika a bango kusa da jadawalin salla. Sani ya ce saura a kai mu gaban alƙali kan tazara. Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Ran da guda cikinmu ba ya nan, ruwa kuma na tahowa, wa zai karanta hannunai?" Muka ce to, liman.

Cutar ba ta tsaya a ofis ba. Mun je Kaoje nuna wa manoma yadda ake buɗe shafin a waya, sai muka nemi Yaya muka rasa. Ashe yana bakin fadama, yana gaya wa wani dattijo layin dashensa ya karkace. Tsohon ya dube shi, ya dubi rular, ya ce, "Malam, shinkafag ga ba karanta ta za a yi ba." Muka dawo Bagudo. Muna sauka daga mota Yaya ya ce, "Amma dai ya karkace."

Daga baya Sani ya samo wata manhaja mai jera kod da kanta. Ka danna, komai ya miƙe. Muka ce alhamdulillahi, rula ta yi ritaya. Ina! Kwana bakwai Yaya yana bin bayanta yana awo. Da bai samu kuskure ko ɗaya ba sai ransa ya ɓaci. "Wanga abu ba ya da tarbiyya," in ji shi. "Ya gyara mutum, ko faɗa bai yi mai ba. Ta ƙaƙa za ya koya?"

Ciwon kwana huɗu Yaya ya yi, farkon damina, Allah ya karɓi abinsa.

Ruwa na tsakiyar hauhawa shafin ya daina nuna awo. Waya ta dame mu, mutanen Kaoje na tambaya su yanke ko su jira. Ɓangaren da ya lalace na Yaya ne, ban taɓa buɗe shi ba. Na buɗe. Sai na ga ina karantawa kamar ni na rubuta: kowane suna inda nake zato, kowane layi a mazauninsa. Kafin azahar awo ya dawo. Washegari suka fara yanka.

Bayan nan na zauna ina neman layi ɗaya da zan nuna in ce, wannan hannun Yaya ne. Na duba sama, na duba ƙasa. Na kira Sani, shi ma ya duba. Ba mu iya raba nasa da namu ba.

Sani ya share ido da hularsa ya ce, "Ka gani? Ya ci mu."

Rular tana kan teburina. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yalwata maka makwanci, ya miƙe maka hanya.