Ƙuri'ar Inna da Gonar Kawu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke yankin Kende, an yi wani zaɓe da har yau in na tuna shi sai in rage cika baki a kan siyasa. Ba zan faɗi jam'iyya ba, ba zan faɗi kujerar da aka nema ba, don na san halin wasunku, yanzun nan sai ku mayar min da ƙasan rubutu filin kamfe.

Mahaifiyata ba a nan aka haife ta ba. Daga tsallaken boda aka auro ta, wani ƙauyen Dendawa a ƙasar Benin, inda mai mashin zai je ya dawo a wuni ɗaya. A nan ta haife mu duka, a nan mahaifinmu ya rasu ya bar ta, katin zaɓenta ma na nan ne. Sai dai Hausarta har yau da ɗan gargada, tana buɗe baki za ka san daga inda ta fito. Muna yara mun sha tsokanarta a kan haka, ita kuma ta sha bin mu da muciya.

Tana da ƙane guda, kawunmu. Duk rani yakan tsallako ya sauka a ɗakin zaurenmu, ya yi noman albasa a wata gona ta fadama da mai gari ya ara masa tun mahaifinmu na da rai. Aron gona a wurinmu ba shi da wani dogon zance. In ka cire amfani sai ka cika kwando ka kai ƙofar mai gari. In ya karɓa ya sa albarka, to baɗi ma gonar tana hannunka. Haka kawu yake yi tun ban san kaina ba, kuma da wannan albasar yake riƙe gidansa har damina ta wuce, don gonarsa ta can tsakuwa ce zalla.

A shekarar da nake ba ku labari sai ga wani sabon ɗan takara ya fito. Mutumin ya iya baki, wannan kam ba za a hana shi ba. Duk ƙauyen da ya shiga zancensa ɗaya ne: 'yan tsallake sun cinye fadama, takin da ake kawowa yana ƙarewa a bayan boda, samarinmu sun watse birane suna acaɓa alhali baƙi na noma ƙasar kakanninsu. In ya ce ƙasa ta masu ita ce, sai fili ya ɗauka. Jam'iyyar da ke riƙe da yankin kuwa ta daɗe a kai, har ta daina wahalar da kanta da yin alkawari sabo, na da take maimaitawa.

Ni a lokacin ina ji da kaina. Ina da rediyo, ina da 'yar waya mai shiga yanar gizo, saboda haka a teburin mai shayi ni ne mai fashin baƙi. Na yi ta zuba cewa abin da mutumin nan yake yi shi ne abin da wasu 'yan siyasa ke yi a ƙasashen Turawa, inda ake nuna baƙar fata a ce shi ya hana kowa aiki. Na ce duk wanda ya zaɓi irin waɗannan, ko a can ko a nan, jahilci ne da ƙiyayya ke damunsa, babu na uku. Abokina mai gyaran mashin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kai ƙarshen wata kake jira, mu ba mu da abin jira." Na ce masa wannan ba hujja ba ce, ya ce ai bai ce hujja ba ce, ya ci gaba da shan shayinsa.

Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe mahaifiyata ta kira ni ta ce in nuna mata alamar kowace jam'iyya, don idonta ya fara rauni, ba ta son ta dangwala inda ba ta nufa ba. Na samo fastoci na shimfiɗa mata a tabarma. Da na zo kan ta sabon ɗan takarar sai ta ce in sake nuna mata, ta ƙura mata ido sosai. Na ji daɗi a raina, na ce tsohuwa tana haddace wadda za ta guje wa ne. Har na ƙara mata da ɗan wa'azi a kan mutumin, ta ce ta ji.

Ranar zaɓe na raka ta. Kawu ya zauna a gida, shi ba shi da ƙuri'a, kuma a 'yan kwanakin ya rage fita in ba gona ba. Tana cikin layin mata tana gaisawa da wata, sai wani saurayi cikin yaran sabon ɗan takarar ya ji maganarta. Ya matso ya ce, "Inna, ke 'yar nan ce kuwa? Mu ga katinki." Na taso zan yi magana, ta ɗaga min hannu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ba ɗan gidan mai gyaran rediyo ba ne? Tahi ka tambayi uwarka wa ya yi mata wankan jego ranar da anka haihe ka." Mata suka kwashe da dariya, yaron ya sosa ƙeya ya koma gefe. Ta shiga ta dangwala ta fito, muka kamo hanya.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, ni da kawu muna cin tuwo, ita tana gefe tana tsinke zogale. Na ba kawu labarin yaron, na ƙara gishiri, na ce ai Inna ta rama da ƙuri'arta. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Shi na zaɓa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Inna, wa?"

"Uban gidan yaron. Shi na ba."

Kawu ya cire hannu daga kwano, sannan ya ce a hankali, "Yaya, kin san da ni shike in yana maganar baƙi."

"Na sani," in ji ta. "Da ni ma shike."

"To mi ya sa?"

A nan sai na koma baya kaɗan don ku gane amsarta. Akwai wani gini a bakin ƙauyenmu da aka ce asibiti ne. Tun ina ɗalibi aka sa harsashinsa. Duk zaɓe sai masu mulki su zo su ƙara layin bulo ko su shafa fenti, a yi tafi, a watse, awaki su koma ciki su kwanta. Damina biyu kafin wannan zaɓen ƙanwata ta zo haihuwa gida, abin ya zo da gardama, ruwa kuma ya yanke hanyar Bagudo. A kan amalanken shanu ta cika, ba a kai ko rabin hanya ba. Manyan jam'iyyar sun zo gaisuwa, da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto.

Wannan ta tuna wa kawu, ba da kuka ba, kamar mai ba da labarin kasuwa. Ta ce, "Waɗancan sun zauna bisa tabarmar ga, sunka ce Allah ya jiƙan ɗiyata, sunka ɗauki hoto. Wanga bai yi man komi ba tukuna sai zagi. Ba son shi nike ba. Amma na duba, shi kaɗai ne waɗancan ke tsoro." Na ce mata ai akwai wasu ƙananan 'yan takara da ba sa zagin kowa. Ta ce, "Su wa ke tsoron su?" Kawu ya wanke hannu ya tafi fadama duba injin ban ruwa.

Mutumin ya ci zaɓe. Gaskiyar magana, bai kafa wata doka a kan baƙi ba, ban ma ji ya sake ta da zancen ba bayan an rantsar da shi. Amma maganar ta riga ta zauna a bakin mutane. Samari suka fara zarya ƙofar mai gari, kowa na cewa ga gona hannun ɗan tsallake shi kuwa yana zaune. Da kawu ya cire albasa ya cika kwandonsa kamar kullum, na ɗaura masa a bayan mashin muka je. Mai gari ya karɓe mu da fara'a, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta yabon albasar. Sannan ya ce, "Bana ka bar shi, ka kai ma iyali. Allah ya amfana." Bai kalli kawu ba da yake faɗa. Kawu ya ce ya gode, muka sake ɗaure kwandon muka dawo da shi gida. Mahaifiyata tana ganin mun shigo da shi ta tashi ta shige ɗaki.

Daga wannan ranin kawu bai sake sauka a zaurenmu ba. Ba faɗa suka yi ba, suna gaisawa a waya, in Salla ta zo ni nake kai ta can. Asibitin kuma wanda ya ci zaɓen ya sa masa ƙofa da tagogi, rufi ne dai har na bar ƙauyen ba a yi ba. Na taɓa tambayarta ko ta yi nadama. Ta ce gonar tana ci mata rai kullum, amma ko gobe aka dawo da zaɓen ba za ta ba waɗancan ba. Ban san yadda ake haɗa waɗannan biyun a zuciya ɗaya ba, ita dai ta haɗa su.

Abin da na ɗauka daga ciki ba shi da yawa. Har yanzu ina ganin mai neman kujera da nuna baƙo mugu ne, kuma abin da yake faɗa a kan dandamali yana sauka a kan wani ko da shi ya manta ya faɗa. Amma na daina rantsuwa cewa na san abin da ke zuciyar masu zaɓensa. In na ji a rediyo an ce wasu talakawa a wata ƙasa sun zaɓi mai zagin baƙi, ba na saurin cewa jahilai. Wasu ƙiyayyar ce, babu shakka. Wasu kuwa an daɗe ana yi musu fenti a kan gini marar rufi, sun shiga rumfar zaɓe suna neman wanda zai ɓata wa masu fentin rai, ko wane ne shi, kuma ba su tsaya lissafin wanda abin zai faɗa wa ba. Mahaifiyata ma ta yi lissafin, ta san ƙanenta ne, ta dangwala.

Zuwan da na kai ta na ƙarshe kafin ƙafarta ta hana ta hawa mashin, kawu ya rako ni har bakin hanya. Ya tambaye ni wa ke noma fadamar yanzu, na ce wani yaro ne daga unguwar yamma. Ya ce, "Ka ce mashi kada shi sa albasa gefen gabas, ruwa na kwanciya can, ruɓewa takai. Shinkafa za shi sa."

Da na dawo na nemi yaron a gonar na isar da saƙo. Ya yi murna ƙwarai, ya ce dama bara duk ta gefen nan ta lalace masa bai san dalili ba. Ya yi ta godiya, ya ce in gaishe da mai saƙon. Har na juya mashin sai ya ce, "Malam, shi wanga kawun naka, ya taɓa noma a nan ne?"