Kifin da Inna Ta Hana Gishiri

Mu a Maradun kifin dam muka sani, gargaza da tarwaɗa, har ranar da yayana ya dawo daga kasuwar Talata Mafara da kifin ƙanƙara a leda. Ɗan ƙarami ne, jaja-jaja, da manyan idanu. Ya ce wa mahaifiyarmu a can ƙasan teku yake zama, inda rana ba ta kaiwa, kuma ruwan wurin duk gishiri ne.

Inna ta ji, ta riƙe. Da ta ɗora miya na miƙa mata gishiri, sai ta buge mini hannu.

"Ke! Kihin da ya girma cikin gishiri za ki ƙara ma gishiri?"

Miya ta fito lami. Muka yi ta haɗiyar tuwo, kowa kansa a ƙasa, har Baba. Inna ta kai loma, ta daɗe tana taunawa, sannan ta harari kan kifin a kwano.

"Duk zaman da ya yi cikin gishiri, ko kaɗan bai ɗauka ba. Wanga kihi taurin kan babanku gare shi."