Buta Goma ta Goggo Indo

Ban taɓa mantawa da ranar da wayata ta yi ƙara da hantsi, na ɗauka na ji magina suna ihu daga Birchi ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku gyara zama, don sai na faro daga baya kafin ku gane abin da ya sa babban injiniya guda ya tsaya a tsakar ofis yana ƙirga butoci da ƙarfi.

A lokacin ni ce jami'ar tattara bayanai a shirinmu na kula da yadda masu rini da magina ke aiki da sinadarai a Dutsin-Ma da Kurfi. Aikina shi ne in zagaya wurin masu sana'a, in ji abin da ke cutar da su da abin da suka sani, in rubuta a kundi, sannan in mayar da shi saƙon da kowa zai gane. Ƙa'idarmu kuwa, ba saƙon da zai fita sai ma'aikaciyar lafiyarmu ta duba, shugaban shirin, Injiniya Kabir, ya sa hannu. Mutumin kirki ne, amma in abu bai zo da lamba da ma'auni ba, ko kallonsa ba ya yi.

Farkon abin da muka fitar fasta ce mai kala, an rubuta a jiki: idan sinadari ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti ashirin, sannan a tafi asibiti. Magana daidai, ba ƙarya a ciki. Da na koma zagaye bayan wata biyu, sai na tarar da guda an shimfiɗa ta ana shanyar kuɓewa a kai. Na tambayi shugaban maginan Birchi, Malam Lawal, ko suna bin abin da aka rubuta. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama Rabi, wanda ido ke ci shi ke duba agogo? Mutum ya watsa ruwa sau biyu ya goge da bakin riga, an gama." Ranar na koma gida raina a ɓace, don na san gaskiya ya faɗa.

Ana cikin haka na fara zuwa Karofi wurin Goggo Indo, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a rinin shadda a wajen. Mata da yawa a tsakar gidanta suka koyi sana'ar. Idonta na hagu fari ne fat, kuma sai a zuwa na uku na yi ƙarfin halin tambayarta.

"Soda ce, ɗiyata," in ji ta. "Ina sabuwa a sana'ar na zuba ruwa a kan soda, ta yi tsalle ta faɗa mani ido. Aka ɗiga mani nono, aka ɗaure da ƙyalle, aka ce in kwanta. Da aka kwance bayan kwana uku, shi ke nan."

Na ce, "To Goggo, yanzu in ta faɗa wa wata a gidan nan fa?"

Ta nuna mani butocin da ke jere a gindin bango. "Buta goma. A kwantar da ita, a buɗe idon da yatsa, a riƙa tsiyayawa a hankali kamar mai zuba wa wani ruwan alwala. Ko ta yi kuka, ko ta zage ni, sai ta goma ta ƙare. Wani malamin asibiti ya taɓa ce mani da an daɗe ana wanke nawa da bai mutu ba. Ni ban san agogo ba, buta na sani."

Nan take na cika buta ɗaya, na kunna agogon wayata, na ce ta tsiyaya yadda take yi. Jama'a, minti biyu! Buta goma, minti ashirin ke nan, abin da muka buga a fastar da aka shanya kuɓewa a kai. Na yi tsalle don murna har mayafina ya zame ya faɗa cikin ruwan rini. Fari ne da na fito gida, shuɗi na koma da shi, kuma har gobe yana cikin akwatina.

Washegari na shiga ofishin Injiniya ina rawar jiki. Ya saurare ni, ya cire tabarau ya ce, "Malama Rabi, buta ba ma'auni ba ce. Akwai babba, akwai ƙarama. Ba zan sa hannu a kan buta ba."

Ku da kuka san ni kun san ba na jin a'a da sauƙi. Na fita na aro butoci daga masallacin ofis da maƙwabta, na jere su a bakin famfo, na ce ranka ya daɗe, a zo a gwada. Shi da agogo, ni da buta, ma'aikaciyar lafiya tana rubutawa, masinja yana ta ƙyaƙyata dariya. Ƙananan suka gaza, manyan da kowa ke alwala da su suka cika minti biyu har da ɗori. Aka tsaya a kan babbar buta, a cike, a tsiyaya siriri, sannan asibiti ko da zafin ya lafa. Ya sa hannu yana gunaguni.

Sai na ƙara da wata. Na ce saƙon nan har magina za a tura wa, domin ɗanyen siminti da sodar rini hanya ɗaya suke bi su ci ido, abin da na gani ke nan a kundin da nake tarawa, kuma ma'aikaciyar lafiya ta tabbatar. Na koma Karofi na ɗauki muryar Goggo da kanta, muka tura ta wayoyin shugabannin sana'a. Malam Lawal ya kira ni yana tsokana: "Yanzu mu da ke ɗaga bulo, tsohuwa mai rini za ta koya mana aiki?" Na ce masa ya dai ajiye, ba cizo take ba.

Bayan kaka, an gama ɗibar wake, mutane sun samu sukunin gini, sai ga kiran nan. Muryar Malam Lawal ce.

"Malama, Isiya ne! Yana filastar saman ɗaki, ɗanyen siminti ya ɓallo ya cika mashi ido. Mun kwantar da shi, muna kan buta ta uku, amma ya ce ya isa, yana ta fizge-fizge. Ga wani nan ya ce a samo nono a ɗiga."

Isiya ƙaninsa ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, kuma duk cikinsu ba wanda ya kai shi iya filasta. Mai filasta da ido yake ganin bango ya miƙe. In idon ya tafi, sana'ar ta raunana ke nan.

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. "Kada wanda ya kawo nono wurin nan! Ku danne shi, Malam Lawal, ku buɗe idon, ku ci gaba!"

Ihuna ya fito da Injiniya daga ofis. Na sa wayar a bayyane kowa na ji. Muna jin Isiya yana salati yana roƙon a ƙyale shi, muna jin ruwa na zuba. Aka ce ta huɗu ta ƙare, aka ɗauki ta biyar. Sai Malam Lawal ya ce, "Wayyo, ruwan jarka ya ƙare! Sai na duron kwaɓi."

"Kada ku taɓa shi, duk siminti ne!" Wannan ba ni na faɗa ba, Injiniya ne. Ya fizge wayar daga hannuna. "Akwai gida kusa? Ku yi sallama, ku ce a miƙo ruwan randa, maza!"

Daga baya Malam Lawal ya ba ni labarin yadda aka yi. Matan gidan da ke maƙwabtaka da ginin suka riƙa cika butoci daga randa suna miƙowa ta zaure, lebura na karɓa da gudu. Mu dai a ofis abin da muke ji shi ne ƙirga. Mutumin da ya ce buta ba ma'auni ba ce, ga shi tsaye, hula a karkace, yana daka tsawa: "Ta nawa ke nan? Ta bakwai? A hankali, kada ku kwarara! Saura uku!" Wallahi da ba don tashin hankalin da ake ciki ba, da na yi dariya har na faɗi.

Da aka ce ta goma ta ƙare, ofis duka ya ɗauki kabbara. Injiniya ya ce su ɗora shi a babur su taho asibiti, wani ya riƙo buta cike, mu haɗu a can. Shi ya ja motar ofis da kansa.

A asibiti likita ya ƙara wanke idon, ya ciro ɓurɓushin simintin da ya maƙale a ƙarƙashin fatar, sannan ya tambaya tsawon lokacin da aka ɗauka ana wankewa kafin a zo. Malam Lawal ya ce, "Buta goma, likita, da ɗaya a hanya." Likita ya dube shi, ya dube ni. Injiniya ya gyara murya ya ce, "Minti ashirin ke nan, mun gwada." Likita ya ce wankin nan ya yi babban aiki, amma ba zai yi mana alkawari ba sai an ga yadda idon zai yi. Aka sa magani aka rufe.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗin abinci ba. Kullum sai na kira Birchi, har Malam Lawal ya ce in bar cajin wayarsa ya huta. Ranar da aka koma asibiti ina tsaye a bakin ƙofa. Aka cire bandejin, Isiya ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba, sai ya nuna bangon ɗakin ya ce, "Wanda ya yi filastar nan bai iya ba, ga tudu can." Malam Lawal ya rungume shi yana kuka, ni kuma na saki guɗa a cikin asibiti, aka ce in fita waje.

Da ya warware, Isiya ya ce sai ya je ya ga mai muryar. Na raka su Karofi, shi da yayansa. Malam Lawal, mai cewa tsohuwa ba za ta koya masu aiki ba, shi ya fara durƙusawa. Goggo ta ce Isiya ya matso. Ta sa tafin hannunta mai shuɗin rini ta rufe masa lafiyayyen idon, ta nuna shaddar da ke jere a igiyar shanya.

"Wace kala ce ta ƙarshe?"

"Ruwan goro, Goggo."

"Ta kusa da ita fa?"

"Shuɗiya, da ɗan tabo a gefe."

Ta sauke hannunta. Ta ce, "Alhamdulillahi. Ni ban samu wanda zai ƙirga mani ba. Kai ka samu." Ta share idonta mai gani da bakin zane, sannan ta juya ta hau faɗa da matar da ta bar tabo a shaddar.

Abin da na koya a wannan aiki ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Minti ashirin tana cikin takardunmu tun farko, ba ta ceci kowa ba sai da aka zuba ta a buta. Abin da muke nema sau da yawa yana hannun masu sana'ar, wani ma da jikinsa ya biya kafin ya sani, namu shi ne mu zauna mu ji, mu gwada, mu kai wa na gaba. In kun je zagaye, kada ku tsaya a bakin ƙofa kuna miƙa takarda. Ku shiga ku zauna, ku tambayi mai tabo yadda ya same shi. In kuma kun bi ta wurin ginin Malam Lawal, ku duba gindin bango kusa da buhunan siminti. Za ku ga butoci goma a jere, a cike, kuma ko alwala ba ya bari a yi da su.