Kamu Biyu Daga Likkafanin Kaka

Kamu goma sha biyu na farin alawayyo Kaka ta ajiye cikin tukunya ƙarƙashin gadonta. Likkafaninta ne, akuyarta ta ƙarshe ta sayar ta saye shi. Ni kuwa zane biyu gare ni duk duniya, ɗaya ya riga ya ɓaci. Ina da shekara goma sha uku, a ƙauyenmu kusa da Garhanga, bayan babbar yunwa. Uwata ta rasu, babana yana cin rani.

Ran da na ga jini a hanyar rijiya, na ɗauka wani abu ne ya fashe a cikina. Wa zan gaya wa? Na bari Kaka ta tafi sussuka, na buɗe tukunyar, na yage kamu biyu na yayyanka. Tsumman da ya ɓaci sai in cusa shi ƙarƙashin tabarma da danshinsa. Ruwan da muke ɗaukowa daga nesa ko sha bai isa ba, kuma ina tsoron a gani a shanya. Kwana uku ina jiran ɗayan biyu: in mutu, ko Kaka ta leƙa tukunya.

Lokacin ɗari ne. Bayan magariba muka taru da ƴaƴan baffana a bakin wutar kara, kowa a gajiye. Kaka ta miƙe ƙafafunta da suka tsattsage, ta ce, "Ga ta nan ta iso, ku buɗe kunne."

Muka ce, "Ta shigo mu gan ta."

Wai wata yarinya ce ta yi baƙuwa mai jan mayafi, ba sallama. Tsoro ya kama ta, ta ɓoye baƙuwar cikin rumbu, baƙuwa ta ɓata hatsi. Ta ɓoye ta cikin randa, ruwa ya yi wari. Yarinya ta rame, ta daina wasa. Sai wata tsohuwa ta ce mata, "Wawuya, wagga baƙuwa ta kowa ce. Ta sauka wurin uwarki, ta sauka wurina. Ki ba ta tsumma mai tsabta da ruwa da rana. Kwana kaɗan ta tahi, wani wata ta komo."

Ƙananan suka yi ta gardama wai ina baƙuwar take kwana. Kaka ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ni dai kaina na ƙasa.

Da aka watse ta ce, "Ke, Hadiza, tsaya ki kama mani wutag ga." Sai ta rage murya. "Kin iya yanka, amma ba ki iya ɓoyo ba. Zare har bakin ƙohwa."

Na fashe da kuka. Na ce mutuwa zan yi.

"Ke za ki mutu, shi ya sa kika riga ni likkafani? Marar kunya. Girma ne ya zo maki, ba ajali ba."

Washegari ta rage ruwan shanta ta ba ni. Ta nuna mani yadda ake wanke tsumman da ruwan toka, a shanya bayan rumbu inda rana ke bugawa, ba a ɗaki ba. Ta koya mani ƙirga kwanaki, da ajiye salla har in yi wanka, ta dama mani kunun kanwa don ciwon mara. Na ce in na girma zan mayar mata da yadinta. Ta ce, "Ki dai girma."

Yau albasa nake dillanci a Madawa, na fi shekara talatin ina loda kamiyo, manyan motocin kaya. Na gaji da abubuwa da yawa, amma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne har yanzu ƴan matan unguwa na zuwa rumfata suna raɗa, ido a tsorace, da irin tambayar da na kasa yi. Nakan zaunar da su in faɗa masu kai tsaye, ni ban iya gatana irin ta Kaka ba.

Kaka ta rasu ina hanyar Buza da buhunana na farko. Kafin in iso an rufe ta. Gwaggona ta ce yadin bai kai ba, sai da aka ƙara da mayafinta na salla.

Kamu biyu ta rasa. Ɗiyana mata uku, ba wadda ta taɓa ɓoye tsumma ƙarƙashin tabarma. Yadin kuwa, ban mayar ba.