Kawu Bitrus da Gashin Kan Jama'a

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kawu Bitrus, ƙanen mahaifiyata, ya koyi dafe kansa. Kafin ka ankara, tsit! Ya tsige maka gashi ɗaya. Ai tun da ya yi ritaya daga koyar da kimiyya, mu mutanen Unguwar Boro muka zama ɗalibansa, ko muna so ko ba ma so.

Sai ya zaro 'yar fitilarsa ta lesa mai jan ɗigo, ya gitta gashin a gabanta, ya haska bango. Ɗigon ya baje ya zama layi: nan ja, nan baƙi, nan ja.

"Kun gani? Hasken ya rabu biyu a jikin gashin, ya sake haɗuwa. Inda tafiyarsu ta zo ɗaya, su ƙaru. Inda ta saɓa, su kashe juna. Haske da haske, ga duhu!"

Matarsa, Mama Rifkatu, ta ce, "Ni dai gashina na ga yana mutuwa."

Ran da Fasto ya zo gaisuwa fa? Kawu ya zagaya sanƙon Fasto, ya yi tsaki. "Fasto, kanka ba shi da amfani ga kimiyya." Sai kuma ya ƙura wa gemunsa ido. Fasto bai tsaya shan shayi ba!

Da mantuwa ta fara kama shi, dariyar ta ragu. Wata safiya da damina ya fita bai dawo ba, ga kogi ya cika maƙil. Muka bi asibitoci, muka bi 'yan sanda. Mama Rifkatu sai kallon wajen kogi take.

Da yamma Oga Chidi, wani makanike a Kakuri, ya kira mu. Da muka isa garejinsa, muka tarar da Kawu tsugune gaban kwatami, yana kallon launukan da baƙin mai ya yi a kan ruwa.

"Kar ku taka! Wannan ma hasken ne ke karo da juna!"

Mama ta zube kan wata tsohuwar taya, kuka da dariya lokaci ɗaya. "Bitrus, har mutuware muka je!"

Ya ɗago a firgice. "Kai! Wa ya mutu?"

Da lokacin ya yi kuwa, a kan gadonsa ya tafi, hannunsa cikin nata, ba a bakin titi ba. Abin da muka yi ta roƙo ke nan, kuma aka ba mu. Ubangiji ya ba ka hutawa, Kawu, ya riƙe mana Mama Rifkatu. Amin.